Mambila: Kwanan Tanti, Butar Gahawa Da 'Yar Takarda

'Yan uwana ɗalibai, idan aka ce Mambila, yawancinmu shayi ne ke fara faɗo mana a rai, saboda gonakin ganyen shayi na Kakara da sunansu ya zagaya ƙasar nan. Wasu kuma sai su tuna da sanyi da manyan shanu. Amma tsaunin yana da wani amfanin gona da ba a cika ambatonsa ba, wato gahawa. A hutun da ya wuce mu bakwai muka haɗa kuɗin mota muka je muka yi kwana uku a tanti a can, kuma yau ina so in ba ku labarin wurin da yadda muka sha gahawarsa.

Tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, hedikwatarsa Gembu. Daga Jalingo ake bi ta Bali a wuce Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a ƙasar nan. Har zuwa Mayo Selbe zafi ne irin wanda muka saba. Daga nan sai hanya ta fara hawa tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, fasinja kowa ya yi tsit sai salati. Kafin a kai Maisamari kunnuwa sun toshe, kowa ya fara laluben rigar sanyi a jaka.

Da an hau sai ƙasa ta buɗe. Tuddai ne masu ciyawa iya ganinka, ga layukan itatuwan turare, ga garken shanu, ga ƙoramu a kowane kwari. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku. A kasuwa za ka ji Mambilanci da Hausa, amma Fillanci ne ya fi haɗa mutane. Mun yada zango kusa da ƙauyen Yelwa, a gefen kurmin Ngel Nyaki, bayan mun nemi izini kuma mun sami ɗan jagora daga mutanen wurin. Da rana akwai daɗi. Da dare kuwa sanyi yana ratsa bargo biyu, da asuba hazo ya rufe komai, raɓa ta jiƙe tanti sharkaf. A irin wannan safiya abin sha mai zafi ba gata ba ne, dole ne.

Gahawar da ake nomawa a Mambila irin wadda ake kira arabika ce, mai son tudu da sanyi, asalinta daga tsaunukan Habasha. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku da ke kula da gahawa da shayi. Bishiyar ba ta da tsayi sosai, ganyenta kore shar mai sheƙi, 'ya'yanta kan yi ja idan sun nuna, a cikin kowanne akwai ƙwaya biyu. Mun sayi busasshiyar ƙwaya a hannun wani dattijo, muka soya ta a kasko ba mai, ana juyawa har ta fara ƙara tana fashewa ta koma ruwan ƙasa, sannan muka ari turmi muka daka.

Ɗaya daga cikinmu ya zo da wata butar ƙarfe ta kawunsa, wadda ake kira fakoleta. Masu kwanan daji a Amurka sun daɗe suna amfani da ita don ba ta buƙatar lantarki, kuma wani manomi ɗan jihar Ilinoyi mai suna Hanson Goodrich ne ya yi wa samfurinta rajista a 1889. A cikinta akwai siririn bututu da ya tashi daga gindi zuwa sama, a samansa an ɗora ɗan kwando mai huje-huje inda ake zuba garin gahawa. Idan ruwa ya yi zafi, tururi yana tura shi ta cikin bututun, ya fantsama a kan garin, ya tsiyaye ya koma ƙasa, ya sake hawa. A murfin akwai ɗan ƙululun gilashi da kake ganin ruwan yana tsalle a ciki, yana sauya launi.

To, ga inda gizo ke saƙa. An yi ramukan kwandon ne don ɓarzajjiyar gahawa mai tsaki-tsaki, irin wadda inji ke niƙawa daidai wa daida. Turmi kuwa bai san wannan ba, wani ya fito da girma, wani ya yi laushi kamar garin tuwo. Mai laushin sai ya bi ta ramukan ya faɗa cikin ruwa yana ta dahuwa, gahawar ta yi ɗaci, ka kuma tarar da laka a gindin kofi. Maganin wannan ita ce takardar tace gahawa. Ta fakoleta zagayayya ce kamar faifai, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da huji a tsakiya inda bututun zai shiga. Akwai kuma mai faɗi wadda ake naɗe garin gaba ɗaya a ciki kamar ƙunshi. Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya yanka takardar injin gahawa da almakashi ya huda tsakiyarta.

Labarin takardar nan ya shafe mu 'yan makaranta. A 1908 wata matar aure a birnin Diresdin na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da garin da ke kwanciya a kofinta. Sai ta huda gindin wata tukunyar tagulla da ƙusa, ta ɗauko takardar tsane tawada daga littafin makarantar ɗanta ta shimfiɗa a ciki. Kamfanin da ta kafa yana nan har yau da sunanta. Amma kada wani ya ji haka ya yago takardar littafinsa ko jarida, domin akwai tawada da sinadarai a jikinsu. Takardar tacewa ta musamman ce, kuma ban da gari tana tare wani maiƙo na gahawa da ke ƙara yawan kitse a jini.

Yadda muka yi shi ne, a zuba ruwa kada ya taɓo kwandon, a shimfiɗa takardar a ɗan jiƙa ta don ta kwanta, a zuba gari cokalin cin abinci ɗaya ga kowane kofi. A ɗora a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba. Da ruwa ya fara tsalle a gilashin sai a janye butar gefe yadda zai riƙa tsallen a hankali, na minti bakwai zuwa goma. A sauke, a cire kwandon da tsumma, a bari ta ɗan huta. Masu karatun kimiyya, ga abin da aka koya mana a aji ya fito fili: duk hawan mita 300 yana rage zafin da ruwa ke tafasa da kusan digiri ɗaya. A Mambila ruwa na tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, kuma wannan shi ne zafin da gahawa ke so. Babban aibin da ake faɗa wa fakoleta shi ne tana ƙona gahawa, a nan tsaunin da kansa ya rage wannan aibin.

Takardar ta yi mana wani amfanin. Ƙoramar da muke ɗiban ruwa ita ce mutanen ƙauye da shanunsu ke sha a ƙasa da mu. Da ba takarda, sai an kai kwandon bakin ruwa an yi ta kankara. Da ita kuwa ɗaga ta kawai za ka yi da garin a ciki, ka shanya a gefen murhu, ta bushe ka jefa a wuta. Abin lura ɗaya, a ajiye sauran takardun a leda a ƙulle, in ba haka ba raɓar dare ɗaya ta ishe su.

Gahawar ta fito garau, ƙamshinta ya cika zangon, ɗacinta kaɗan ne, har wasunmu suka sha ba sukari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a shagunan garuruwan tsaunin gahawar leda ta kamfani muka fi gani, irin wadda muke sha a wajen mai shayi lokacin jarrabawa. Dattijon da ya sayar mana ya ce maƙwabtansa da dama sun sare bishiyoyinsu sun shuka masara, don masu saye sun yi ƙaranci. Bishiyar gahawa tana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, wanda ya sare ba zai yi saurin sake dasawa ba.

Don haka duk ƙungiyar ɗaliban da ke shirin yawon buɗe ido, ku sa Mambila a lissafi. Ku tafi da rani, ku bincika lafiyar hanya kafin ku tashi, ku nemi ɗan jagora, ku riƙe rigunan sanyi. Idan za ku sayo tsarabar shayi, ku tambayi inda ake sayar da ƙwayar gahawa, ku auno ko da mudu ɗaya ne daga hannun manomi.