Gardamar Doctor Who da gwangwanayen da aka tsinta a Jos

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

A duk gardamar da muke tafkawa a ɗakin karatun 'yan mastas, in ka cire ta Arsenal da Man U, babu mai zafi kamar ta masu kallon Doctor Who. Duka-duka ba mu fi mu bakwai ba, amma in muka fara sai ka rantse zaɓen ƙungiyar ɗalibai ake yi.

Ga wanda bai san shirin ba: labarin wani baƙo ne daga wata duniya, mai zuciya biyu, ana kiransa Dakta kawai. Yana yawo tsakanin zamanai a cikin wani shuɗin akwati mai kama da rumfar wayar 'yan sandan Ingila na da, sunansa TARDIS, cikinsa ya fi wajensa girma. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kashe shugaban Amurka Kennedy. A nan gida lokacin Sardauna ne Firimiyan Arewa. An dakatar da shirin a 1989, aka dawo da shi a 2005, kuma har yau ana cacar baki a kansa.

Tushen gardamar ya samo asali ne daga 1966. William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, jikinsa ya ƙi, masu shirin suka rasa yadda za su yi. Sai suka ƙirƙiro dabara: in Dakta ya kusa mutuwa, jikinsa yakan sabunta, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa, aka ci gaba. Ku tuna surutun da aka sha lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta zama Sumayya. To su can sun mayar da irin wannan sauyi al'ada, kuma duk sanda aka yi sai masoya sun rabu gida-gida.

A cikinmu, mutum uku 'yan ga-ni-kashe-nin David Tennant ne. Hujjarsu ita ce shi ya iya sa ka dariya da kuka a cikin minti biyar. Wani abokinmu ɗan Akwanga ya tsaya kan Matt Smith, ya ce shi kaɗai ne yaro da ya iya nuna tsufa a idonsa. Ni kuwa ɗan Peter Capaldi ne. Duk wanda ya kalli kashi mai suna Heaven Sent na 2015, inda mutum ɗaya ya riƙe kusan awa guda shi kaɗai a cikin wani gidan sarauta, ya zo mu yi magana. Da aka ba Jodie Whittaker matsayin a 2017, mace ta farko, duniyar masoya ta yi kamar ta tsage. Mu nan mun tsinci gardamar a makare, amma da zafinta. Ɗaya daga cikin 'yan uwanmu mata ta rufe bakin kowa da tambaya ɗaya: kun yarda da mutum mai zuciya biyu da akwatin da ke tashi sama, amma mace ce ta gagari hankalinku? Daga baya kuma ga Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a 2023. Wannan karon har wanda ba ya kallo sai da ya leƙo.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ga tsadar rayuwa, ga kuɗin makaranta, ga malami bai dawo mana da babi na biyu ba. Ku ɗan saurara, yanzu zan shigo gida.

A shekarun 1960 da 1970, BBC ta riƙa goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake naɗar wasu a kai. Kaset na da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ba wanda ya zaci za a sake neman su. Haka kashi-kashi na Doctor Who suka salwanta. Sai dai kafin nan an sayar wa ƙasashen waje kwafi a faifan fim, har da Najeriya. A watan Oktoba 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A ciki akwai kashi tara da aka daɗe da fidda rai da su, na labarai biyu: The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin waɗanda suka ɓace ya sauka daga 106 zuwa 97.

Jos fa! Mu 'yan Doma da Lafiya da Keffi, Jos ce babban birninmu har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke mana Nasarawa daga Filato. Wato abin da Landan ta zubar, a ɗakin ajiyar tsohuwar jiharmu ya kwana shekara kusan arba'in, ƙura ta lulluɓe shi, bai lalace ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tsintuwar ta sauya ra'ayin masoya. The Enemy of the World kashi shida ne, amma na uku kaɗai ya rage a hannun BBC, kuma shi ne mafi sanyi a cikinsu. Shekara da shekaru masoya da yawa suna yi wa labarin kallon raini. Da sauran biyar suka dawo daga Jos, aka ga Troughton yana wasa biyu, Dakta da wani azzalumi mai suna Salamander da ke neman mulkin duniya a shekarar 2018, sai maganar ta juya, labarin ya shiga sahun waɗanda ake yabo. An daɗe ana yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Mu masu rubuta kundin bincike ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, don sau nawa muke kwafo ra'ayin wani a kan littafin da ba mu taɓa buɗewa ba?

Akwai kuma wani abin. Duk kashin da hotonsa ya ɓace, sautinsa yana nan. Dalili kuwa, wasu masoya a shekarun 1960, da yawansu yara ne, sun riƙa ajiye rikoda a gaban talabijin suna naɗa. Da wannan sauti aka sake gina wasu labaran da zanen katun. Kamfani mai kuɗi da ma'aikata ya goge, yaran da ake yi wa faɗa a kan ɓata lokaci suka adana. Masu gardamar nan da muke yi wa dariya, su ne suka riƙa bin diddigi ƙasa-ƙasa har aka kai ga Jos.

Yanzu mu dawo kan namu. A gida, in baba da ƙannensa suka zauna bayan isha'i, su ma suna da irin wannan gardama: Samanja ko Karkuzu? Wani ya kawo Ƙasimu Yero. Kowa na kwaikwayon muryar gwaninsa, ana dariya har da hawaye. Amma in na ce a nuna min in yanke nawa hukuncin, sai a yi shiru. Abin da nake samu a YouTube gutsattsari ne, hoto dishi-dishi, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya shirya. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansu. Gardamar iyayenmu tana rataye ne a kan abin da suka tuna, ranar da suka tafi ta tafi.

Bincikena a kan wasan kwaikwayon talabijin na Hausa ne, don haka na je wani tsohon gidan talabijin neman kaset, ba zan kama suna ba. Ma'aikacin da ya karɓe ni mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni. Ya buɗe min ɗaki, na ga kaset jibge, wasu babu rubutu a jiki, wasu sun yi fumfuna. Ya ce ko da akwai abin da nake nema a ciki, na'urar da ke karanta irinsu ta daɗe da mutuwa. Na dawo babi na uku ya tsaya cak, sai hira da tsofaffi na koma yi. Wallahi a motar dawowa gwangwanayen Jos kawai nake tunani. Can an samu wanda ya haye teku ya zo nema. Namu wa zai zo?

Kuma maganar ta wuce wasan kwaikwayo. A nan Doma, bikin Odu na shekarun baya mutane da yawa sun ɗauka a bidiyo. Hawan salla a fadar Andoma, waƙoƙin Alago na bikin aure, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, duk suna cikin kaset a ƙarƙashin gado ko saman durowa, zafi da damina suna cin su a hankali. Finafinan Kano na farko-farko, tun daga Turmin Danya na 1990, su ma a kaset suka fito. Mu da muke taƙama da waya mai kyamara uku, hotunan bara ma in waya ta faɗa ruwa shi ke nan.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar tallafin kowa. In ka je gida hutu, tambayi baba ko kawu ina tsofaffin kaset. Kar a ba yara su warware zaren suna wasa. Rubuta abin da ke jikin kowanne, da shekarar da ake zaton an ɗauka, da sunan wanda ya ba ka. In akwai mai na'urar juyawa zuwa kwamfuta a garinku, a haɗa kuɗi a juya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. In babu, ko hira ka naɗa da tsohon da ya kalli shirin, ya faɗa maka abin da ya tuna. 'Yan sashen Hausa, tarihi, aikin jarida da ilimin laburare da ke kukan rashin batun bincike, ga shi nan a ƙarƙashin gadon kaka.

Mu kuma 'yan bakwai ɗin nan, Juma'a bayan la'asar za mu kalli The Enemy of the World gaba ɗaya, in an bar mana wuta. Baƙi da fari ne, ina gaya muku tun yanzu, kar wani ya zo yana ƙorafi. Wanda ke da kaset ɗin Samanja ko Karkuzu a gida, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo, zan zo har inda yake. 'Yan Tennant kuma ku shirya, ban gama da ku ba.