Whistler, Inda Yara Ke Koyon Tsalle da Keke

Daga birnin Vancouver na ƙasar Kanada, tafiyar kamar kilomita 120 ce zuwa Whistler. Da hunturu ana zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara, in ta narke kuma dutsen ya zama na masu keke. Kujeru masu tafiya a kan igiyar ƙarfe ke kai mutum da kekensa sama, ya gangaro ta cikin daji.

Wace uwa ce za ta ga ɗanta a iska bisa keke gabanta bai faɗi ba? To, a nan a hankali ake binsu. Kowace hanya da launinta: kore ta 'yan koyo, shuɗi ta matsakaita, baƙi ta gwanaye. Tudun koyon tsalle samansa a shimfiɗe yake kamar tebur, yaron da bai kai ƙarshe ba a kai zai dira, ba cikin rami ba. Dabarar nan ta fi komai burge ni. Inda hanya ta yanke ta yi ƙasa kuwa, malami kan nanata: sassauta gwiwa, tura keken gaba, kada ka damƙe birki a bakin gaɓar, nan ake kifewa.

Duk da haka ana karyewa, musamman a kafaɗa da wuyan hannu. Shi ya sa za ki ga har ƙananan yara da hular kwano mai rufe haɓa.