Wa zai riƙe rimot? Tafiyarmu zuwa Houston

Daga Dallas zuwa Houston tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, bisa babbar hanyar I-45. A watan Afrilu na raka 'yata da ƙungiyarsu ta ɗalibai masu ƙera mutum-mutumi zuwa gasar duniya ta FIRST, wadda ake yi a babban zauren George R. Brown. Ba mu kai Corsicana ba gardama ta kaure a bayan mota kan wanda zai tuƙa mutum-mutumin.

A rukuninsu na FIRST Tech Challenge, wasa minti biyu da rabi ne kacal. Daƙiƙa 30 na farko mutum-mutumin ke tafiyar da kansa bisa umarnin da aka loda masa, sauran minti biyun kuwa sai da hannun yara. Rimot biyu ne: ɗaya na direba mai juya tayoyi, ɗaya na mai sarrafa hannun da ke ɗauka yana ajiyewa. Koci na tsaye a bayansu, doka ta hana shi taɓa rimot.

Yaron da ya ƙera hannun ya kafe lallai shi ne direba, kuma wallahi ya sha wahala a kansa. Da muka tsaya shan mai a Huntsville, malamarsu ta fito da sakamakon gwajin da suka yi a makaranta, ta yanke magana. Tuƙi na yarinyar da ba ta ruɗewa in an matsa mata. Shi kuma ya riƙe hannun, tunda ya san inda yake cijewa. Aka ba 'yata koci. Ta leƙo ta taga fuska a ɗaure ta ce, "Baba, ni fa ba a ba ni komai ba."

Sai a filin gasa ta ga nauyin abin da aka ba ta. Ihu ya cika zauren, idon direba na kan tayoyi, na ɗayan na kan hannu, ba mai duban agogo ko ƙungiyar da aka haɗa su da ita a wasan sai 'yata. Da ta ce "Saura talatin, ku koma!" su biyun suka juya tare.

Rabon malamar ya yi daidai, sai dai ya makara. Malamai masu irin wannan ƙungiya, ku raba aiki tun da sauran makonni, direba da mai sarrafa hannu su saba da murya ɗaya kafin a hau mota.