Samira Biyar da Ƙullin Iri

Idan tsohuwa ta rasu a ƙasar Hausa aka zauna rabon gado, abin da ido ke gani shi ake lissafawa: gona in tana da ita, awaki, sarƙa da 'yan kunne, zannuwan da ke cikin adudu, sai kwanonin jere. Malami ya yi wa kowane abu ƙima, a fitar da bashi da wasiyya, a raba saura. Akwai wata dukiya da ba ta shiga wannan lissafi, alhali tana cikin ɗakin: ƙulle-ƙullen tsumma da ke soke a jikin rufi ko cikin tsohuwar ƙwarya, wannan da irin kuɓewa, wancan da gurguzu, wani da 'ya'yan kabewa. Ba mai yi musu kuɗi, domin a kasuwa ba su kai kuɗin goro ba. Sau da yawa ranar sharar ɗaki ake watsar da su a tsakar gida, kaji su yi kalaci da abin da aka yi shekara arba'in ana zaɓa.

Wata malamar firamare da ke aure a Birnin Kudu ta fito da kaya iri biyu daga ɗakin mahaifiyarta, a wani ƙauye na ƙasar Gwaram kusa da kogin Bunga. Na farko rabonta ne na shari'a: samira biyar farare masu jan fure, kowace da murfinta, daga babbar har 'yar autarsu. Na biyu ba wanda ya ba ta, ba kuma wanda ya hana ta: ƙullin iri goma sha ɗaya da ta tsame daga cikin shara. Daga baya ta haɗa su wuri guda, ta mai da samirar ma'ajin iri, kuma hakan ya jawo mata magana a dangi.

Sai wanda ya tashi a gidan da ake jere zai san nauyin samira. Kafin zuwan kwano, da ƙorai masu zane ake ƙawata ɗakin amarya, da akusa, da tasoshin Bida ga masu hali. Daga wajen shekarun 1950 kwanon ƙarfe mai ruwan gilashi ya fara kwararowa daga Cekoslobakiya da Hong Kong. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, Kano ma ta samu nata masana'antun, har kwanon ya isa ƙauyukan da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun yarinyar tana ɗaukar talla, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kwasar adashi. Ranar jere mata su shigo su ƙirga da ido, su fita da labari. Amma ado rabin aikin kwanon ne. Dukiyar mace ce ta ƙashin kanta, miji ba shi da iko a kai. Idan ciwo ya kwantar da yaro, ko fari ya tsananta kamar na 1973 da na 1984, sai ta zare ɗaya daga jeren ta aika wa dillaliya. Asusu ne da ake hangowa daga bakin ƙofa.

Wannan aikin ne zamani ya ƙwace. Kula ta zo, tangaran ya zo, roba ta cika gari, amaren yanzu kabet ɗin gilashi suke so. Samira ta koma ƙarƙashin gado ko saman sif: ba a ci a cikinta, ana jin kunyar sayar da ita, ko an fitar da ita ma 'yan gwangwan ne za su taya, su kuwa da kilo suke awo. Shekara biyu samirar malamar ta yi a haka, ana sauke ta a goge ƙura a mayar. Ƙullin irin kuma suna cikin baƙar leda rataye a ƙusa, dab da rufin kwano.

Ranar da goggonta ta zo daga Gwaram ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ta kwana a gidan, ta tarar da samirar a ƙasa, an buɗe babbar, da toka da kwalabe a ciki. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "'Yar nan, kwanon da uwarki ba ta taɓa zuba ko gari a ciki ba, shi kika cika da toka?" Malamar ta ce, "Goggo, ai abin da ke ciki ma nata ne." Tsohuwar ba ta gamsu ba, kuma ba a ce ba ta da hujja ba. Akwai girmamawar da ake yi wa abu ta hanyar ƙin taɓa shi, kuma ita ta ga guntun ran da aka ci kafin a haɗa jeren nan. Sannan kwanon yana da rauni: in ya bugu ruwan gilashin ya ɓare, tsatsa ta samu ƙofa. Abin da ke sama a ajiye ya fi wanda ake ɗagawa kullum tsawon rai. Sai dai tsawon ran da ba ya riƙe da komai, shi ma abin tambaya ne.

Abin mamaki, wannan goggo da ta yi faɗa ita ce ta warware matsalar da ta fi damun malamar. Marigayiyar ba ta yi boko ba, amma tana da tsarinta. Kowane iri a ƙyallen atamfa daban take ɗaure shi, kuma ta san kowane ƙyalle da wanda ya ba ta abin da ke ciki. Tsarin a kanta yake, da ita aka binne shi. Gane gurguzu daga riɗi ba wuya ba ne, amma ƙulli uku duk kuɓewa ne, 'ya'yan kuma kamarsu ɗaya. Wacce ce gajeriya mai saurin haihuwa, da ake ci tun ana tsakiyar damina? Wacce ce doguwar da ke wuce kan mutum, mai jinkiri, wadda ke ci gaba da ba da 'ya'ya bayan ruwa ya ɗauke? Goggo ta ɗauki ƙyallayen tana juyawa. Ɗaya ta gane shi nan take, ankon wani biki ne da aka yi a Sara, kuma ta tuna daga can aka zo da gajeriyar. Na biyu guntun zanen goyo ne, doguwar ce, wadda marigayiyar ta taho da ita daga gidan iyayenta tun Gwaram da Birnin Kudu suna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Na uku, shuɗi mai zanen ganye, ta ce ba ta san shi ba.

Da ruwa ya sauka aka shuka, huɗu daga cikin goma sha ɗayan ba su fito ba. Albasa ko ɗaya ba ta leƙo ba. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan karin maganar ba ta hau kan iri ba. Ƙwayar iri abu ne mai rai, tana numfashi a hankali, tana cin guzurin da uwarta ta ɗaure mata. Zafi da danshi su ke hanzarta numfashin har guzurin ya ƙare. Wani masanin iri na Jami'ar Kalifoniya, James Harrington, ya bar ƙa'ida biyu da har yau ake aiki da su: duk lokacin da danshin ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin 100, tsawon ranta yakan ninka, haka nan duk lokacin da zafin ma'aji ya sauka da digiri 5. Ƙiyasi ne, yana da iyaka, amma ya isa ya bayyana abin da ya faru a cikin ledar nan. A watan Afrilu zafin Jigawa yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon rufi. A watan Agusta kuma, lokacin marka, iska takan jiƙe har gishiri ya narke a kwano, kuma kudancin jihar ya fi su Maigatari samun ruwa nesa ba kusa ba. Irin albasa da ma da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Kuɓewa da yakuwa suna da taurin fata, shi ya sa suka kai labari.

To me samira ke iya yi, me kuma ba ta iyawa? Murfinta yana hana ɓera, yana hana gara da kyankyaso, yana tare haske. Ba ya hana iska shiga, don haka ba ya hana danshi. Kuma ba ya maganin ƙwaron wake, domin shi tun a gona yake saka ƙwansa a jikin kwanso, tare da waken ake shigo da shi gida, a rufe shi a kwano ya ƙyanƙyashe ya ci ya ƙoshi cikin kwanciyar hankali. Abin da ke kashe shi shi ne rashin iska, kuma a kan wannan aka gina buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007. Tsofaffi sun riga sun kai ga rabin dabarar da toka: a cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka kwatankwacin yawansa, ta cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya rasa wurin motsi.

Saboda haka malamar ba ta zuba iri tsirara a cikin kwanon. Kowanne yana cikin 'yar kwalba mai murfin murɗawa, wankakkiya, wadda ta sha rana. Kafin ta rufe takan yi gwajin gishiri: ta zuba busasshen gishiri da ɗan irin a kwalba, ta girgiza, ta bari su jima; in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Cikin hunturu take wannan aikin, lokacin da iska ta bushe ƙarau. Samirar kuma tana can ɗakin ƙasa mai azara, a kan bulo biyu, nesa da bango.

Ba bisa girman ƙwaya ta raba su ba, bisa lokacin shuka ta bi. Babbar ta ruwan farko ce, wake da kabewa da kuɓewa, a ɗauke ta gaba ɗaya zuwa gayauna. Mai bi mata ta ganye ce, yakuwa da rama da lalo da alayyafo. Ta uku ba a buɗe ta sai damina ta ja baya, za a yi renon tattasai da attaruhu da tumatir. Ta huɗu ita ce ta fi nuna hankali: duk irin da aka ba ta kyauta a gidan suna ko wurin aiki, nan yake zama, ba ya shiga cikin sauran sai ta shuka shi ta ga halinsa. A jikin kowace kwalba akwai takarda mai abu uku, suna da shekarar girbi da wanda aka samo a wurinsa. Mako biyu kafin shuka takan ƙirga ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. In bakwai ko takwas suka tsira, lafiya lau, in uku ne, ta san bana dole ta sabunta wannan irin ko ta rasa shi. 'Yar autar samirar ba iri a cikinta. Ƙyallayen nan goma sha ɗaya ne, wankakku, a ninke.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wahalar ta mece ce, ga shagunan kayan noma cike da iri a fakiti. Ingantaccen iri ba abin rainawa ba ne. Wake da dawa da gyaɗar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar sun rufa wa manoma da yawa asiri, musamman masu nuna da wuri a shekarun da ruwa ke ɗaukewa ba sallama. Amma yawancin tumatir da tattasan fakiti masu tsada, waɗanda aka rubuta wa F1, haɗin aure ne na zuriya ɗaya: in ka ajiye 'ya'yansu ka shuka baɗi, sai su fito barkatai, dole ka koma shago. Sannan abin da kamfani ke nema a kuɓewa shi ne yawa da kyan gani da jure tafiya a mota. Abin da marigayiyar ta yi ta zaɓa daban ne. Ita kuɓewar da ba ta rasa yauƙi bayan an yanka an shanya an daka, ita take bar wa manyan 'ya'ya su bushe a jikin kara. Harshe ne ya yi wannan zaɓen, shekara bayan shekara, a bakin murhu, kuma ba shagon da ke sayar da sakamakonsa.

Manyan ma'ajiyoyin iri na duniya ma, in aka cire injin sanyi, dokokinsu ba su wuce na wannan ɗakin ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana riƙe da nau'in wake sama da 15,000, tarin da ya fi kowanne girma a duniya, kuma lokaci-lokaci sai ta fitar da su ta gwada tsironsu, ta sake shuka waɗanda suka fara rauni. Ba ta kuma yarda ta ajiye su wuri ɗaya ba: da aka buɗe rumbun iri na Svalbard a cikin dutsen ƙanƙara a arewacin Norwe a watan Fabrairun 2008, akwatunan IITA suna cikin na farko da suka isa. Ambaliyar 2022, wadda ta rusa gidajen ƙasa da rumbuna a sassa da dama na Jigawa, ita ta koya wa malamar doka ta biyun. Tun daga nan duk kaka takan raba kowane iri biyu, ta ba direban motar Gwaram rabi ya kai wa ƙanwarta, ita ma ƙanwar ta aiko da nata.

Akwai abin da kwalba da takarda ba sa iya tsarewa. Kabewar ta fara canza kama, domin zuma ba ta san katanga ba, tana ɗauko garin fure daga ta maƙwabta. Wadda ake samu yanzu ta fi ta da tsawo, ba ta kai ta zaƙi ba. Doguwar kuɓewar tana nan yadda take, wataƙila don tana fure bayan na kowa sun gama. Ta ukun, wadda goggo ba ta gane ba, ta fito da jan kara da 'ya'ya gajeru masu kauri, kuma an zagaya da ita gidaje da dama a ƙauyen ba a samu wanda ya tuna inda marigayiyar ta samo ta ba. A takardar kwalbarta, gurbin wanda aka samo a wurinsa babu komai, a gurbin suna kuma an rubuta: mai shuɗin zane.