Tsakanin Aski da Kitso

Duk wanda ya zauna ajin ilimin harsuna ya ci karo da batun da masanan ƙungiyar Prag, Trubetzkoy da Jakobson, suka kafa tun shekarun 1930: idan abubuwa biyu suna hamayya a cikin harshe, yakan ɗora wa ɗaya lamba, ya bar ɗayan a sake. Wanda aka bari a sake shi ne abin da masu harshen suka ɗauka na yau da kullum. Ban ga misalin da ya fayyace wannan batu kamar gashin kanmu ba. Bafaranshe yana jera siffofi, lisse, ondulé, bouclé, frisé, crépu, kuma ta ƙarshen ce yake liƙa wa irin namu. Bahaushe kuwa gashi kawai yake ce masa, ko suma. Sai an zo kan na wasu ne yake neman ƙari: gashin Larabawa, gashin Indiya, gashi mai santsi. A Hausa murɗaɗɗen gashi shi ne marar lamba, domin shi kowa ya buɗe ido ya tarar a kan uwarsa da ubansa.

Arzikin Hausa a wannan fanni yana wurin aikatau da sunayen da aka ƙera daga gare su. Ana taje gashi da mataji, ana tsefe shi da matsefi, makitsiya tana kitse shi, wanzami yana aske shi da aska. Ɗafa-goshin ma- ya ba mu kayan aikin da mai aikin, almakashi kuwa mun aro shi daga Larabci. Amma idan aka jera kalmomin nan za a ga sun rabu gida biyu, kamar yadda gidan Bahaushe ya rabu zaure da cikin gida. A ɓangaren maza akwai aski, saisaye, ƙwaryar molo, zanko da tukku. A ɓangaren mata akwai kitso, tsifa, doka, shuku da kalaba. Kalmomin maza duk na ragewa ne, na mata duk na tarawa da tsawaitawa. Jaririya takan haɗu da askar wanzami ranar suna, kwana 7 da haihuwa, daga nan kuma hanyarta da tasa sun rabu. Macen da ta girma ta bukaci gajeren gashi ba ta da kalma, ba ta da mai sana'ar da za ta je wurinsa.

Na san wannan giɓi da kaina. A shekarata ta farko ta digiri na biyu a Yamai na yi fama da zazzaɓin taifot. Na warke, na koma karatu, sai bayan wajen wata uku gashina ya soma zuba, duk tsifa sai mataji ya cika. Likita ta ce abin sananne ne bayan zazzaɓi mai zafi, zai tsaya, sabo zai fito, amma in daina kitso mai ja har saiwar ta huta. Abin da ya saura a kaina bai zama ɗaya ba: wani wuri dogo, wani wuri sabon tsiro, gefen goshi kuwa kamar gonar da fara ta bi. Ci gaba da kitso a haka kitso ne da kwarkwata. Na tambayi makitsiyata ko za ta daidaita mini shi, ta ce, "Yaya, ni hannuna na kitso ne, ban taɓa riƙe almakashi a kan mutum ba." Na leƙa shagon mai aski a unguwarmu, cike da samari suna jiran layi, ya ce cikin ladabi, "Malama, ki yi haƙuri, ba ma taɓa kan mata a nan." Kowannensu ya faɗi gaskiyar sana'arsa.

Da hutu ya zo na tafi gida Damagaram, na gaya wa Inna abin da nake so. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke kuwa, mace da aski? In mutane suka ji fa?" Na ce, "Inna, ai kallabi yana rufe shi, wa zai gani?" Ta ce, "Ni na gani." Ba maganar ado take yi ba. A wurinta gashin ƴa mace shaidar lafiya ce da shaidar kulawar uwa, kuma an san irin kirarin da ake yi wa budurwa mai gashi har gadon baya. Macen da aka ga kanta a aske, tambayar farko ita ce wace cuta ta same ta. Ga kuma maganar aure, wadda ba ta furta ba, amma tana zaune tare da mu a kan tabarmar.

Wadda ta raba gardamar wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu a unguwar Birni, ƴar gidan wanzamai, duk yaran layin Iya muke ce mata. Ta ce wa Inna, "Haba Hajiya, ke da kika je Makka, ba ki rage naki gwargwadon gaɓar yatsa ba? Wannan ba aski za a yi mata ba, saisaye ne." Da ta sauya kalmar sai fuskar Inna ta saki. Aski yana kai wa ga fata, saisaye yana daidaita abin da ke akwai ya bar shi a kai. Tsohuwar ba ta taɓa jin sunan ilimin ma'ana ba, amma ta san cewa cikin kalmomin maza akwai ɗaya wadda za ta iya tsallaka zaure ta shiga cikin gida.

Yadda ta yi aikin shi ne abin da na fi son in ajiye a rubuce. Ta sa na wanke kai da ruwan karkashi tun da hantsi, wanda yauƙinsa ke warware cukurkuɗewa ba tare da an ja ba. Ta taje shi yana da danshi, da mataji mai manyan haƙora, tana farawa daga baki tana gangarawa zuwa saiwa. Sannan ta hana ni shafa kome, ta ce in zauna a inuwa har ya bushe sarai. Sai bayan azahar ta ɗauko almakashi. Na tambaye ta dalilin jiran, ta ce, "Ƴar nan, gashi jiƙaƙƙe maƙaryaci ne. In ka miƙe shi ka yanke, da ya bushe sai ya gudu ya bar ka da kunya." Ba ta kama shi tsakanin yatsu ta ja ba. Ta ɗaga shi da mataji ya tsaya yadda yake so, tana tsinke kan abin da ya yi tsini kaɗan-kaɗan, tana ja da baya tana duba siffar kan, kamar masassaƙi da turmi. Ta bar tsakar kai da ɗan tsawo, ta rage gefe da ƙeya, ba ta taɓa sabon tsiron goshi ba.

Abin da na karanta daga baya bai saɓa wa ko ɗaya daga cikin matakan nan ba. Silin gashi miƙaƙƙe, in aka yanka shi aka duba bakinsa, kusan da'ira ne. Namu kuwa a ɗan baje yake kamar ƙwayar dabino, kuma ramin da yake tsirowa a cikin fata a lanƙwashe yake, shi ya sa tun fitowarsa yake murɗewa. Duk wadda ta ga kakarta tana kaɗi ta san abin da zaren da mazari ya murɗa sosai yake yi in an sassauta shi: nan take yake naɗe kansa. Haka gashinmu. Tsawon da ake gani in an miƙe shi zai iya komawa rabi, a wasu kawunan ma ƙasa da haka, da zarar an sake shi. Wanda ya auna shi a miƙe ya yanke ya yanke fiye da abin da ya yi niyya, kuma gyaran ba na kwana ɗaya ba ne, tun da gashi ba ya wuce kusan santimita 1 a wata. Haka nan kai ɗaya ba murɗi ɗaya gare shi ba: na ƙeya da na gefen kunne sukan bambanta da na tsakar kai. Idan aka yanke su tsawo ɗaya a miƙe, za su tsaya tsawo daban-daban a sake. Ido ne ma'aunin wannan aiki, kuma a busasshen gashi kaɗai ido yake ganin gaskiya.

Da na koma Yamai, wata abokiyar karatuna ta ari injin askin ƙanenta, muka ci gaba da gyarawa a ɗakin kwana duk bayan mako uku ko huɗu. Injin yana zuwa da ƴan matajan roba da ake ɗaura masa a baki, kowane da lambarsa: milimita 3, 6, 9, 12. Ƙa'idar Iya ce ta yi mana jagora a nan ma. A fara da babbar lamba, domin abin da aka bari ana iya rage shi gobe. A taje gashin ya tashi tsaye kafin inji ya hau. In an bi inda gashin ya kwanta, kaɗan ake ɗiba, in an yi gaba da shi, da yawa. Kuma kada a kai ga fata a ƙeya. Murɗaɗɗen sili in an yanke shi ƙasa ƙwarai yakan lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, shi ne asalin ƙurajen askin da ke addabar ƴan'uwanmu maza a wuya da haɓa.

Gajeren gashi bai fi ƙarfin kulawa ba, sai dai kulawarsa ta mintoci ce. Maiƙon da fatar kai take fitarwa yana gangara cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen sili, amma a kan namu kowace kwana tana tare shi, saboda haka bakin gashin kullum a bushe yake, balle a lokacin hunturu da iska ke tsage leɓe. Mai kaɗai ba ya jiƙa gashi, rufe danshi yake yi. Don haka ruwa ne farko, sannan ɗan man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu. Wadda take son murɗin ya fito fili sai ta riƙa kama ɗan tsagi tana murza shi da yatsa, ko ta zagaya kan da tafin hannu ta fuska ɗaya har silin su haɗu ƙulli-ƙulli. Da dare a ɗaura kallabi mai santsi, domin na auduga yana shanye danshin yana kuma karya bakin gashin. Duka aikin safiya bai kai lokacin dafa shayi ba. Yinin da a da nake ɓatawa a gaban makitsiya da kuɗin gashin doki sun koma wurin kwafar littattafai.

Abin da ya dame ni a matsayin ɗalibar harshe shi ne yadda tsararrakina ke magana a kan wannan gashi. Ƴan mata da yawa a jami'o'inmu sun daina shafa man miƙar da gashi, wanda wani irinsa sinadarin soda ne a ciki, mai ƙona fatar kai. Wannan abin murna ne. Amma kalmomin da suke bayyana sabon halin da su daga intanet suka zo. Wata za ta ce ita nappy ce, kamar yadda ake faɗa a Faransa, wata ta ce gashinta 4C ne. Lambobin nan sun samo asali daga tsarin da Andre Walker, mai gyaran gashin Oprah Winfrey, ya fitar a Amurka a shekarun 1990, inda ya kasa gashi gida huɗu. Tsarin yana da amfani ga mai sayen kayan shafa. Sai dai a dubi jerin: miƙaƙƙe shi ne na 1, namu shi ne na 4, wato ana auna mu da nisanmu daga na wasu. Mun bar harshen da gashinmu yake marar lamba a cikinsa, mun koma wanda a cikinsa lambarmu ce ta ƙarshe.

Ba ina cewa a hana aro ba, Hausa ta aro almakashi kuma ba ta rasa kome ba. Ina cewa kafin mu ara, mu buɗe rumbu mu ga abin da ke ciki. Saisaye yana nan, kuma na ga da idona yadda ya karɓi ma'anar da ba ta maza kaɗai ba. Taje, tsefe, murza, naɗe da tufke duk suna nan. A bakin makitsa akwai gashi mai cika, mai tauri, mai laushi, mai tsinkewa, rabe-raben da hannu ya gano tun kafin a ƙirƙiri lamba. Tsofaffi irin Iya, da wanzaman da ke zama a gindin bishiya ranar kasuwa da zabirarsu, suna ɗauke da wasu kalmomin da injin aski yake turewa a hankali, kuma na tabbata na Maraɗi ba za su zo ɗaya da na Tawa ko na Damagaram ba.

Ga aiki nan ga duk wanda ke neman batun kundi. Na'urar ɗaukar murya tana cikin wayar kowa, masu ba da bayanin suna cikin unguwanninmu, wasu ma cikin gidajenmu. A tambaye su sunan kowane salo da kowane motsin hannu, a tambaye su abin da ake ce wa gashin ƙeya da sabon tsiron goshi, a rubuta da karin sauti da tsawon wasali kamar yadda aka koya mana. Ni na fara da Iya a hutun da ya wuce, kuma a zama biyu kacal na cika shafi huɗu. Wanda yake da wanzami ko makitsiya a danginsa, ina roƙon ya neme ni a sashe mu haɗa abin da muka samu.