Ranar da Motar Kawu Ta Ƙi Sanina

Ranar Asabar ce bayan la'asar, a ƙofar gidan amarya a Roni, na sa hannu a aljihun wando na ji wayam. Na laluba na riga, na koma na wando, har hula na cire na leƙa. Babu makulli. Ga mata sun fara fitowa ana ta guɗa, ga motar Kawu a tsaye, kuma ita aka ware wa amarya don ta fi sauran ƙyalli.

Corolla ce ta 2006, 'yar Kwatano, kuma tun ranar da ya saye ta makulli ɗaya ta zo da shi. Kawu ba ya ba da aronta. Kwana uku na yi ina lallaɓa shi, sai da Inna ta sa baki sannan ya miƙo mini, ya ce, "Ka dawo mini da ita kafin isha'i, ran Talata zan kai Hajiya asibiti Kano." Na ce, "In sha Allahu, Kawu, ko ƙura ba za ka gani ba."

Aka cusa amarya a wata motar, jerin gwano ya kama hanyar Kazaure, aka bar ni da yaran unguwa muna tone rairayi da fitilar waya har bayan magariba. Na kira Kawu na ce masa biki ya ja, sai gobe. Ƙarya ta farko ke nan.

A daren na shirya dabarata. Na ce ai makulli ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ana yanka shi. Da safe na hau acaɓa na ɗauko wani mai yankan makulli, ya zo da wayoyinsa da zartonsa, ya leƙa ramin ƙofar direba, ya goga, ya gwada, ya sake gogawa. Kafin azahar sai ga ƙofa ta buɗe. Wallahi har rawa na so in taka. Na shiga na zura sabon ƙarfen, sitiyari ya saki, fitilun dashbod suka kama, na murza. Injin ya yi ta juyawa, gir-gir-gir, amma ya ƙi kamawa. Na sake. Na sake. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙifta mini ido, ni kuwa ban ma kula ta ba, ina ta zargin batir da fetur.

Abin kunyar shi ne ni ɗalibin lantarki ne, shekara ta biyu a nan poli. Abin da ya hana motar tashi mun yi shi a aji, na haddace shi, na rubuta a jarrabawa, amma da na gamu da shi a Roni ban gane shi ba.

A cikin baƙar robar nan ta kan makulli akwai wani ɗan mitsitsin cif, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, kuma ba shi da batir. Ramin da ake zura makullin kuma an zagaye shi da naɗaɗɗiyar waya. Da ka zura makulli, wayar za ta saki igiyar rediyo mai rauni, wajen kilohaz 125 ko 134 gwargwadon kamfani, wadda ba ta wuce 'yan santimita. Wannan igiyar ce ke ba cif ɗin wutar da zai farka da ita, dokar Faraday ɗin nan dai da taransifoma ke aiki da ita. Ya farka, ya faɗi lambarsa. In lambar tana cikin waɗanda ƙwaƙwalwar motar ta sani, sai ta saki mai da wuta, jar fitilar ta mutu. In ba ta san ta ba, sitata zai yi ta juya injin har batir ya ƙare, ba za ta tashi ba. Tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta sa wannan na'ura a sababbin motoci. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa a wajen 2021 da 2022 matasa a can suka riƙa sace wasu motocin Kia da Hyundai marasa ita, suna ɗora bidiyon a TikTok.

To ni a ranar, a wajen motar nan, ba ni da wani bambanci da waɗancan yaran. Ba ta san ɗan 'yar'uwar mai ita ba ne. Lamba ta tambaya, ban da ita.

Wani mai wayarin da ya tsaya kallo ya ja ni gefe ya ce zai iya "kashe sikiyoritin" gaba ɗaya, motar ta riƙa tashi da kowane ƙarfe, kuma ba mai sani. Ba zan ɓoye muku ba, na yi shiru na ɗan lokaci ina lissafi. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tunanin ranar da Kawu zai ajiye motar a bakin kasuwa ya dawo ya tarar da fili, alhali ni na san dalili.

Wani ɗan ajinmu ya ba ni lambar wani mai haɗa makulli da kwamfuta a Ƙofar Ruwa, Kano. Tambayarsa ta farko: "Akwai ɗaya makullin?" Na ce babu. Ya yi tsaki. Ya ce da akwai ko guda ɗaya mai aiki, aikin 'yan mintuna ne a gabatar wa motar da na biyu, kuɗin ma ba wani abu ba. Amma in duka sun ɓace, sai an goge abin da ta sani an fara daga farko. Sannan ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga takardun mota da mai ita a tsaye. Na ce ni ɗansa ne. Ya ce, "Malam, kowa haka yake cewa."

A nan dabara ta ƙare. Bayan isha'i na je na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa komai, har da ƙaryar jiya. Ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba. Can ya ce, "Makulli yana ɓata a hannun kowa. Amma da ka faɗa mini jiya, da yau mun gama." Na gwammace ya mare ni.

Litinin mutumin ya iso Roni da 'yar jakarsa. Ya duba takardu, ya haɗa lambar jikin motar da wadda ke rubuce, sannan ya jona kwamfutarsa a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari. Muka zauna jira kamar kwata na awa, ba abin da ke motsi. Ya ce da gangan aka sa jiran, ɓarawo ba ya son zama. Daga nan ya zura sabon makulli mai cif, jar fitilar ta ɗauke, ya murza sau ɗaya ta kama. Kawu ya ce a yi biyu nan take. Ni na ɗauki nauyin ɗaya, kuɗin abincina na kusan wata biyu, wanda ya sa 'yan ɗakinmu suka san ni da garin kwaki a zangon nan. Hajiya dai ta ga likitanta ran Talata.

Bayan sati uku sai ga ango da tsohon makullin. Wai a ƙasan wata kular abinci aka tsince shi cikin kayan amarya, da alama lokacin da nake taya loda kaya ya zame. Na kai wa Kawu, muka fita muka gwada. Ya buɗe ƙofa lafiya lau, sitiyari ya saki, injin ya juya, jar fitilar nan ta ci gaba da ƙiftawa. Makullin da ya shekara da shekaru yana tayar da ita, ta manta shi. Kawu ya rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, ya ce duk ranar da zan shiga Kano da motar sai in tafi da shi a sake gabatar da su. Har yau bai faɗi ranar ba, ni ma ban tambaya ba.