Injin da Ya Ƙi Tashi

A Makera da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, manomin rani ba shi da abin dogaro kamar injin ban-ruwa. In ya ƙi tashi kwana biyu, tumatir ya fara yaushi, bashin taki kuwa yana nan daram.

Na daɗe ina lura da gwanayen makanikai: ba sa gaggawar kwance inji, igiya suke fara ja su ji. In ta taho sako-sako, haƙoran da ke kama injin su juya shi sun cinye. In ta ƙi komawa, sifirin ya karye ko ya zame. In ta cije, sai su cire fulogi, domin mai yana iya cika silinda. Sai injin ya juya sosai sannan su duba tartsatsin wuta da kafireta.

Wannan bin sawu daki-daki nake yi wa malami sha'awa. Kafin ya kira yaro daƙiƙi, ya bincika ko yana ganin allo, ko ya karya kumallo.